Ranar da Ɗanƙarami Ya Sha Ruwan Alhaji

Akwai wani dattijo a cikin Birnin Damagaram, ana ce masa Alhaji Mahamud. Shekara talatin da 'yan kai ya yi yana aikin shef-protokol a wani babban biro, ofis ke nan, wato shi ne mai tsara wa zai zauna gaban wa in an yi taro, wa za a fara kira, wa za a bari a rana. Ya bar aiki tuni, amma aikin bai bar shi ba. Ko gidan suna ya je, kafin a raba goro ya tayar da mutum uku daga tabarma ya sake musu wuri.

Ba wanda ya taɓa naɗa shi sarauta. Shi dai ya wayi gari wata rana ya naɗa rawani, ya ja amawali ya rufe baki, ya kwashi dokokin masu sarauta ya ɗora wa kansa. Ba ya ci a gaban mutane, ba ya sha a gaban mutane, ba ya sauri, ba a kuma taɓa ganinsa ya nufi makewayi ba. A majalisar ƙofar gidansa har gardama ake ko yana da irin wannan buƙatar.

Wanda ya sauƙaƙa masa wannan rayuwa shi ne Ɗanƙarami. Shi ma tsoho ne, ɗan firit da shi, tare suka taso, kuma shi ne wakilinsa. Kun dai san halin manyan garin nan, in ba su je ba sun aika, kuma aiken daidai yake da zuwa. To Alhaji ya kai abin maƙura. Ta'aziyya Ɗanƙarami, ɗaurin aure Ɗanƙarami, layin famfo in ruwa ya yi wuya Ɗanƙarami. An ce har gwajin takalmi shi yake zuwa, alhali ƙafarsa ba ta kai rabin ta maigidan ba.

Ana nan sai wata safiya Alhaji ya ga jini a fitsarinsa. Ya yi shiru da bakinsa har wata biyu, abin yana tafiya yana dawowa. Tsoro kuwa ya kama shi ba kaɗan ba, domin haka ciwon wansa Tahiru ya faro. Shi ma ɓoyewa ya yi don kunya, ranar da aka kai shi gidan likita aka ce an makara. Wannan jinyar ce kaɗai Alhaji bai aika wakili ba, da kansa ya zauna ya ga yadda ta ƙare.

Da abin ya ishe shi, sai ya tura Ɗanƙarami wajen lokotoro, wato likita, ya yi bayanin ciwon. Lokotoro ya saurare shi tsaf, sannan ya ce ya koma ya gaya wa mai ciwon ya zo da cikinsa. Dole Alhaji ya je.

Bayan an duba shi aka gaya masa gaskiya. Akwai masu aikin mafitsara da za su zo garin mako mai zuwa, kwana bakwai kacal za su yi, kuma sai baɗi za su sake dawowa. Ranar Laraba da la'asar za a rufe jerin sunayen waɗanda za su gani, ba a kuma sa sunan kowa sai da hoton eko, wato hoton nan da ake ɗora na'ura a ciki a ga abin da ke gudana. Inda aka tura shi wani ƙaramin gidan likita ne a bayan Zango. Lokotoro Nazir yana zuwa can da na'urarsa ranar Laraba kawai, ƙarfe ɗaya na yi ya naɗe ta ya wuce Mirriya, inda wasu ke jiransa.

A takardar randebu, mai ɗauke da ranar da zai je, an rubuta ɓaro-ɓaro cewa a zo da mafitsara cike. Alhaji ya karanta, ya ninke, ya yi akasin haka. Tun daga magaribar Talata bai ƙara sa ruwa a bakinsa ba, don kada wata buƙata ta kama shi a gaban talakawa.

Ranar Laraba da hantsi suka iso, Alhaji a gaba, Ɗanƙarami a baya ɗauke da kujerar da suka taho da ita daga gida. A baranda akwai benci biyu, mutum wajen goma sha biyar a kai, maza da mata. Alhaji bai taɓa ganin taro mai ladabi irin wannan ba. Ba mai hira, ba mai dariya, kowa ya harɗe ƙafa ya ƙura wa ƙasa ido. Ya ɗauka ganinsa ne ya sa suka nutsu, har ya ɗan ɗaga musu hannu.

Inuwar darbejiya guda ce a wurin, kuma wani manomi ne zaune a gindinta, Zakari, mutumin Hamdara, wanda ya shigo motar farko tun da asuba. Alhaji bai yi masa magana ba, kallo kawai ya yi. Zakari ya kwashe takalminsa ya koma bakin benci, aka kafa kujera.

Mai kula da wannan sashe wata ma'aikaciyar jinya ce, Majo Fanta, gajera, mai faɗin fuska, da makulli rataye a wuyanta da igiya. Makullin makewayi ne. Ba ta ba kowa sai wanda ya fito daga ɗakin na'ura, domin ta gaji da mutanen da ke cewa za su je wanke hannu su dawo fayau.

Ta zo ta gaishe shi har da rusunawa, ta miƙa masa ruwan leda uku, ta yi masa bayanin da take yi wa kowa ba tare da gajiya ba. Ta ce mafitsara in ba komai cikinta lanƙwashewa take kamar ledar da aka shanye, na'ura ba ta ganin bangonta. In ta cika sai ta buɗe, a ga ko'ina. Saboda haka zai shanye ukun nan yanzu, ya jira kamar awa guda, kada ya zaga. Layi kuma a nan ba na wanda ya riga zuwa ba ne, ba na babba ba ne. Tana zagayawa tana tambaya, wanda ya cika shi ke shiga.

Alhaji ya ji wannan tsari ya saɓa wa duk abin da ya sani a duniya. Ya dube ta ta saman amawali.

“Yarinya, kin san da wa kike magana?”

“Na sani, Baba Alhaji, sunanku na kan takarda,” in ji ta. “Ga ruwanku.”

Ta wuce abinta. Alhaji ya zauna da leda uku a cinya, ya dubi benci, benci ya dube shi. A ce shi Mahamud ya sauke amawali, ya huda leda da haƙori, ya tsotsa a gaban matan ƙauyen Guna? Ya yi tunani ya yi tunani, sai dabarar da ta yi masa aiki shekara da shekaru ta faɗo masa. Ya yafito Ɗanƙarami.

Ɗanƙarami bai yi musu ba, don bai taɓa yi ba. Ya tsugunna bayan kujera, babbar rigar Alhaji ta yi masa labule, ya kama aiki. Leda ta farko ta wuce lafiya. Ta biyu sai da ya huta. A ta uku ya leƙo ya ce a hankali, tun da safe ya sha fura ludayi tara, ko za a yi masa rangwame? Alhaji ya ce wakili ba ya kai rabin saƙo. Ɗanƙarami ya shanye, ya jera ledojin a gaban takalmin maigida yadda kowa zai gani. Zakari ya ga duk abin da aka yi, amma ya kau da kai.

Da Majo Fanta ta ga ledoji uku a bushe sai ta yi murna, ta ce madalla, da ma duk manya haka suke. Alhaji ya karɓi yabon da gyaɗa kai.

Bayan awa guda ta fito zagayenta. Tana cewa wa ya cika, Zakari ya fara ɗaga yatsa, gumi na zuba a goshinsa. Alhaji ya yi gyaran murya ya ce shi ya cika. Zakari ya dubi rawanin, ya sauke yatsarsa. Majo ta ɗan tsaya tana kallon Alhaji, domin ba ta taɓa ganin cikakken mutum mai kwanciyar hankali haka ba, amma ba ta ƙaryata dattijo ba. Ta ce bismilla.

A ɗakin na'ura aka sha daga kafin ya yarda ya tuɓe babbar riga. Rawani kam ya ce sai dai a fasa hoton. Majo ta ce ba kansa za a duba ba, ya bar abinsa. Ta kwantar da shi, ta rufa masa zane daga ƙugu zuwa ƙasa, ta gaya masa man da za ta shafa yana da sanyi kada ya firgita. Duk da haka ya firgita. Ɗanƙarami yana tsaye a kusurwa, rungume da riga da sanda da takalma, an ce masa kada ya motsa.

Lokotoro Nazir ya ɗora kan na'ura a marar Alhaji, ya zagaya dama, ya zagaya hagu, ya danna, ya matso da fuskarsa kusa da allo. Ya tambayi Majo ko ta tabbata mutumin nan ya sha ruwa. Ta ce leda uku, ta ga ledojin da idonta. Ya ce to shi bai ga inda suka shiga ba, cikin nan ko tsuntsu ba zai samu abin jiƙa baki ba.

A daidai nan aka fara jin wani ɗan sauti daga kusurwa, ƙyas, ƙyas, ƙyas. Ɗanƙarami ne. Ya ɗaga wannan ƙafa ya sauke, ya ɗaga waccan ya sauke, gwiwoyinsa manne da juna, idonsa ya kawo ruwa, leɓensa na karanta abin da shi kansa bai sani ba. Majo Fanta ta dubi wanda ke kwance a bushe, ta dubi wanda ke rawa a tsaye. Ta cire makulli daga wuyanta ta miƙa masa.

Ɗanƙarami ya dubi maigidansa, don ko a wannan hali izini yake jira.

“Ranka ya daɗe, na kai saƙo,” in ji shi. “Amma saƙon yana neman fita.”

Bai tsaya jin amsa ba. Ya fizgi makulli ya fita da gudu, da riga da sanda da takalma duka. Lokotoro ya juya baya yana gyara wayar da ba ta lalace ba, kafaɗunsa na girgiza. Da ya samu kansa ya ce mafitsarar da yake nema ta fita yanzu, a kira na gaba. Aka bar Alhaji zaune a bakin gado, daga shi sai singileti da rawani.

Kunyar da ya ji ba ta faɗuwa. Ya so ƙasa ta tsage. Ya yanke shawara da zarar rigarsa ta dawo zai tafi gida, a bar jerin sunaye, a bar masu aiki, abin da zai faru ya faru.

Majo Fanta ta kai shi ɗan ɗakinta na gefe, ta saki labule. Ya shirya jin faɗa, har ya tanadi amsa, amma ba ta yi faɗan ba. Ta nuna masa agogo, sha ɗaya da rabi. Ta ce saura awa ɗaya da rabi lokotoro ya tafi, in ya sha yanzu-yanzu akwai yiwuwar ya cika kafin nan, in ya tsaya fushi kuma babu.

“Baba, da kun gaya mini kunyar sha a gaban mutane ce, da tun ɗazu na kawo ku nan. Ba ku ne na farko ba. Amma ina jin ba ruwan kaɗai kuke gudu ba.”

Alhaji ya buɗe baki zai ce mata yarinya, sai kalmar ta ƙi fita. Abin da ya fita daban ne. Ya gaya mata labarin wansa, ya gaya mata wata biyu ke nan bai yi barcin kirki ba, ya ce gaskiya da lokotoro ya ce bai ga komai ba, wani ɓangare na zuciyarsa murna ya yi.

“Abin da ke ciki yana ciki, ko mun gani ko ba mu gani ba,” in ji ta. “Ni dai na fi son mu gan shi yana ƙarami.”

Ta ajiye masa leda uku, ta juya masa baya tana rubutu a takardunta don ya sake. Amma kunnenta na wurinsa, duk maƙurwa sai da ta ji wucewarta. Alhaji ya sauke amawali ya sha. Rabonsa da ruwa tun jiya, saboda haka ledar farko ta yi masa daɗin da bai so ya nuna ba.

Ɗakin nata wurin allura ne, ba zai yiwu ya zauna ciki ba. Da rigarsa ta dawo ya fito, ya tarar rana ta juya ta cinye inuwar darbejiya, kujerarsa ta yi zafi kamar tanda. Majo ta ce ya zauna a benci inda idonta zai riƙa kai wa gare shi. Wuri ɗaya ne ya rage, kusa da Zakari.

Alhaji ya yi mamakin ganinsa har yanzu. Ya tambaye shi, ba tare da ya dube shi ba, me ya hana shi shiga. Zakari ya ce ai lokacin da Alhaji ke ciki abin ya fi ƙarfinsa, ya ruga bayan katanga. Da ya dawo Majo ta ce sai dai a sake daga farko, ga shi ya sake shan uku. Ya faɗi haka ba da ƙorafi ba, kamar mai ba da labarin ruwan bara. Ya ce shi ma jerin nan yake nema, dutse ake zato a mafitsararsa, in ba a cire ba bana ba zai iya duƙawa ya yi shuka ba, ga iyali goma sha ɗaya.

Maganar ta zauna wa Alhaji a ƙirji.

Wajen sha biyu da kwata ruwa ya fara isa inda aka aike shi. Da farko ɗan tuni ne. Can sai ya zama sallama. Kafin sha biyu da rabi ya zama bugun ƙofa. A lokacin ne Alhaji ya gane dalilin ladabin da ya tarar da safe, ya kuma tuna har hannu ya ɗaga musu. Ya duba ƙasa ya ga ƙafafunsa sun harɗe da kansu.

Zakari da ya zama gwani a wannan fanni ya shiga ba shi shawara a hankali. Kada ya jingina, kada ya yi tari, kada ya kalli randar can. Ya riƙa ƙirga wani abu a zuci, shi awakinsa yake ƙirgawa. Alhaji ya ce ba shi da awaki. Zakari ya ce to ya ara masa nasa, bakwai ne, ɗaya gurguwa.

Suna cikin haka wani bawan Allah ya zo ya tsugunna daidai gabansu da buta, ya fara tsiyaya ruwa a ƙafarsa, a hankali, shaaa. Benci gaba ɗaya ya yi nishi. Wata tsohuwa 'yar Guna ta ce masa ya ji tsoron Allah ya koma bayan ɗaki. Alhaji, wanda bai taɓa goyon bayan talaka a bainar jama'a ba, ya ji bakinsa ya ce gaskiyarki, Hajiya.

Sai ga Ɗanƙarami ya dawo daga mayar da makulli, yana tafe a hankali, fuskarsa fes da annuri, yana yi wa kowa sannu. Wani ya fara ƙyalƙyalawa, na kusa da shi ya kama. Tsohuwar nan ta ce don girman Allah kada a ba ta dariya. Mutum takwas suka dafe mara suna dariya ba sauti, hawaye na zuba, kuma Alhaji na cikinsu.

Majo Fanta tana ta shiga da fita. Wannan ta kira shi, waccan ta ce mata saura kaɗan, ki daure. Wani da ta ga ya kai gargara ta shigar da shi nan take. Benci ya yi ta raguwa. Ƙarfe ɗaya saura kwata mutum biyu suka rage, Alhaji da Zakari, kuma duk biyun sun cika har wuya.

Majo ta fito ta tsaya gabansu, fuskarta ba walwala. Ta ce lokotoro ya ce mutum ɗaya zai ƙara gani, direba ya riga ya tayar da mota.

Zakari ya sunkuyar da kai, kamar yadda ya saba tun yana yaro in ya ga rawani. Ya ce Alhaji ya shiga.

Alhaji ya so ya shiga. Kada wani ya ce muku bai so ba. Ya tuna jinin, ya tuna wansa a kan tabarma, ya tuna baɗi da nisa, kuma wanda aka ba hanya ba ƙwace ya yi ba. Har ya dafa benci zai miƙe. Sai ya ga hannun Zakari a kan gwiwa, duk kanta. Mutumin nan ya cika tun ɗazu, da gaskiyarsa, ƙaryar wani ce ta mayar da shi baya. Alhaji ya saki bencin.

“Ɗiyata, shekara talatin aikina ke nan, sanin wa ke gaban wa,” in ji shi. “Wannan mutumin yana gabana.”

Zakari ya fara rantse-rantse, Alhaji ya ce ya tashi kafin ya sake tunani. Majo ta dube shi, ta ja Zakari suka shiga, ƙofa ta rufe.

Baranda ta zama ba kowa sai shi da Ɗanƙarami. Yana jin motar lokotoro na ruri a bakin ƙofa. Ya ji tsoro irin wanda bai taɓa ji ba, ga mara kamar za ta tsage, ga kuma makulli ba a hannunsa ba. Ɗanƙarami ya matso ya tambaya ko akwai abin da zai yi masa. Alhaji ya ce babu, ya zauna kawai. Ɗanƙarami ya zauna a benci kusa da shi, kafaɗa da kafaɗa.

Ba a yi minti biyar ba labulen ɗakin gefe ya motsa. Majo Fanta ta leƙo, ta ɗora yatsa a leɓe, ta yafito shi, ta bi da shi ta ƙofar ciki. Akwai wani gado na biyu a ɗakin na'ura, bayan labule, inda ake wanke ciwo. Nan ta kwantar da shi. Wannan karon ba a yi gardamar riga ba, da kansa ya cire, har rawanin ya tuɓe ya miƙa wa Ɗanƙarami don ya ji yana ƙara masa nauyi. Ta rufa masa zane, ta shafa mai, ta ce ya yi shiru.

Ta bayan labule ya ji an gama da Zakari, an ce dutse ne kuma za a sa sunansa. Ya ji ƙarar takalmin Zakari ya nufi makewayi. Ya ji lokotoro ya ce alhamdu lillahi, ya ja zip ɗin jaka. A daidai nan Majo ta yaye labule.

“Lokotoro, ga mutum kwance, na riga na shafa masa mai. Kan na'ura kawai za ku ɗora. In kuma tafiya za ku yi, sai ku gaya masa da bakinku.”

Lokotoro Nazir ya dubi agogo, ya dubi Majo, ya dubi tsohon da ke kwance da furfura a waje, ido a rufe, yana ƙirga awakin aro. Ya ce Majo za ta kashe shi wata rana. Ya janyo na'ura.

Da aka danna masa mara Alhaji ya ambaci sunan Allah da ƙarfi. Majo ta tsaya a kansa tana cewa ya ja numfashi, saura kaɗan, ya yi ƙoƙari. A allo mafitsara ta fito baƙa wuluk, a buɗe, kamar tafki. A gefe guda kuma ga wani ɗan tsiro manne da bango, bai wuce ƙwayar gujiya ba. Lokotoro ya auna shi, ya ɗauki hoto, ya ce wannan ne mai zubar da jinin. Ya ce yanzu ƙarami ne, irin wanda ake cirewa, amma ba irin wanda ake bari har baɗi ba ne.

Sunan Alhaji ne na ƙarshe da ya shiga jerin a ranar, kuma aikin da aka yi masa bayan kwana shida ya yi kyau. Amma wannan daga baya ne. A lokacin, Majo ta miƙa masa tsumma ya goge ciki, ta ce an gode Allah da aka gan shi da wuri, makewayi a buɗe yake tunda an tashi aiki, ya hanzarta.

Alhaji Mahamud ya fito da gudu. Ba riga, ba rawani, ba takalmi, hannu ɗaya riƙe da mazagin wando. Yana shan kwana gabansa ya faɗi. Azahar ta yi, masu jinya da 'yan rakiya sun yi layi a ƙofar makewayi da butocinsu, sun kai mutum goma, kuma ba wanda ya gane shi a cikinsu. Wani tsoho kawai suka gani mai sanƙo, a singileti.

Zakari yana gefe yana alwala. Ya ɗago ya ce, “Jama'a, ku ba shi hanya, daga ɗakin na'ura yake.”

Layi ya dare nan take. Na gaba ya ja da baya, wani ya tura masa ƙofa, wata mata ta miƙa masa butarta tana cewa sannu Baba, mun san abin. Sau dubu an ba shi hanya a garin nan, don rawani ko don gudun bakinsa, amma bai taɓa samun wadda aka ba shi don tausayi ba sai ranar. Da ya rufe ƙofa ya samu sauƙi, sai kuka ya zo masa, na tsoron wata biyu da na kunya da na godiya, duk a haɗe. Ya daɗe a ciki ƙwarai. Mutum goma na tsaye a rana, lokacin salla na tafiya, kuma ba wanda ya buga masa ƙofa.

Darasi: Lafiyarka ba ta karɓar wakili, kuma ciwo bai san girman kowa ba. In ma'aikacin jinya ya ce ka sha ruwa, ko ka zo ba ka ci komai ba, ba raini ba ne, so yake a ga abin da ke damunka tun ana iya maganinsa. In kunya ko tsoro ke hana ka, faɗa masa, ya ga irinka da yawa. Kada kuma ka yi ƙarya don ka riga wani shiga, ba ka san abin da jiran zai jawo masa ba. Ku tura wannan labari ga iyaye da yayye, musamman masu ɓoye ciwo don kada a ga gazawarsu, ku kuma yi wa masu jinyarmu irin su Majo Fanta addu'a.